Yawon gonakin inabi a Kudan, Makarfi da Ikara

Yawon gonakin inabi wata irin tafiya ce da mutane ke yi zuwa wuraren da ake noman inabi, domin su ga gonakin, su ɗanɗana amfanin, su kuma ci abincin yankin. A Najeriya, wurin da ya fi yin suna da noman inabi shi ne ƙaramar hukumar Kudan, a arewacin Jihar Kaduna, wadda hedikwatarta ke Hunkuyi. Tana maƙwabtaka da Makarfi, ita kuma Makarfi da Ikara, kuma dukansu suna cikin masarautar Zazzau. Inabin Kudan na ci ne, ana sayar da shi ɗanye a kasuwa, ba a matse shi don yin giya.

Asalin kalmar

Kalmar inabi aro ce daga Larabci, haka ma zabibi, wato busasshen inabi. Hausawa sun daɗe da sanin sunan ta hanyar karatun Alƙur'ani da fatauci, tun kafin noman ya yaɗu a ƙasarsu. Sunan itacen a kimiyyance shi ne Vitis vinifera.

A sauran ƙasashe

A ƙasashen waje, irin wannan yawo yawanci yana tafiya ne tare da ɗanɗanon giyar inabi. Wuraren da suka shahara sun haɗa da Bordeaux a Faransa, Kwarin Napa a jihar Kalifoniya ta Amurka, da Stellenbosch a Afirka ta Kudu, inda aka buɗe hanyar zagayen gonakin a shekarar 1971. A can baƙo yakan nemi lokaci tun kafin ya je, ya biya kuɗin shiga, ya ci abinci a cikin gonar.

A Kudan da kewaye mafi yawan jama'a Musulmi ne, kuma addininsu ya haramta giya. Saboda haka abin da baƙo ke ɗanɗanawa shi ne 'ya'yan itacen kansu. Ta fuskar yanayi, yankin ya fi kama da Nashik a Indiya, Dodoma a Tanzaniya, da Petrolina a Barazil, inda ake noman inabi a ƙasa mai zafi.

Yanayi da yadda ake noma

Yankin Zariya yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga watan Mayu zuwa Oktoba. Bayan haka sai rani, da iskar hunturu mai bushewa da sanyin dare. Wannan bushewar ce inabi ke so lokacin nuna, domin yawan laima yana jawo cututtukan ganye da ruɓewar 'ya'ya.

Ba a shuka inabi da ƙwaya, reshe ake yankowa a dasa. Itacen mai yaɗo ne, don haka ake kafa masa turaku, a ja waya a sama kamar rumfa, 'ya'yan su riƙa reto a ƙasanta. A Turai sanyi ne ke sa itacen ya zubar da ganye ya huta. A ƙasa mai zafi ba ya hutawa da kansa, sai manomi ya yi masa aski, wato ya rage rassan, sannan ya sake tsiro ya yi fure. Daga askin zuwa girbi akan ɗauki kimanin wata huɗu. Da rani ana yi masa ban ruwa daga rijiya ko burtsatse.

Lokacin ziyara

Tun da askin ne ke tsaida lokacin girbi, gonaki biyu maƙwabta suna iya nuna a makonni daban-daban. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga hunturu zuwa farkon bazara. Wanda ya je da damina yakan tarar da ganye kawai, ga kuma taɓo a hanyoyin ƙauye.

Gonakin na mutane ne, ba wuraren shaƙatawa ba ne masu ƙofar shiga da tikiti. Bisa al'ada, baƙo yakan nemi iznin mai gona tukuna, kai tsaye ko ta hannun wani ɗan gari. Masu zuwa a ƙungiya, kamar ɗalibai, sukan fara da gaida mai unguwa ko dagaci. Baƙo yana iya kwana a Zariya, ya fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, ya dawo kafin magariba.

Ɗanɗano

Inabi ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, ba kamar mangwaro ko ayaba ba. Wanda aka cire da tsami haka zai kai kasuwa da tsaminsa. Shi ya sa manoma da 'yan sari suke ɗanɗanawa kafin a yanke. Abubuwan da ake dubawa su ne zaƙi, tsami, kaurin fata, da ko yana da ƙwaya. Farar ƙurar da ake gani a bayan 'ya'yan ba datti ba ce, itacen ne ke fitar da ita, kuma alama ce ta cewa ba a jagwalgwala su ba. Duk da haka ana wanke inabi kafin a ci, saboda maganin feshi. Ba a tsinka da hannu ba tare da mai gona ya ce a tsinka ba, domin cire ƙwara ɗaya na iya ɓata kyan nonon inabin gaba ɗaya ya rage masa kuɗi.

Makarfi da Ikara

Mai yawon yana iya haɗawa da waɗannan garuruwa biyu. Makarfi ta shahara da noman rake da yin mazarƙwaila, wadda ake samu ta hanyar matse raken a dafa ruwansa har ya daskare. Aikin yana kankama ne da rani, daidai da lokacin inabi. Ikara kuwa an san ta da tumatir, kuma a nan aka kafa kamfanin sarrafa tumatir na jihar a shekarar 1981.

Abincin da baƙo zai samu shi ne na ƙasar Zazzau: tuwon masara da miyar kuka ko kuɓewa, fate, waina, ɗan wake, fura da nono, da tsire ko balangu da yamma.

Ƙalubale

Kafa gonar inabi na cin kuɗi, saboda turaku, waya da ban ruwa, kuma ba a shekarar dashe ake samun cikakken amfani ba. Tsuntsaye suna yin ɓarna idan 'ya'ya suka fara nuna. Babbar matsalar ita ce ajiya: inabi ba ya jure zafi, idan babu ɗakin sanyi dole manomi ya sayar cikin 'yan kwanaki a farashin da ya samu. A kasuwannin birane kuma yana gogayya da wanda ake shigowa da shi daga Afirka ta Kudu da Masar. Baƙon da ya saya a bakin gona yana rage wa manomi kuɗin mota da asarar hanya.