Mafarkin Ido Biyu: Daga Burmi Zuwa Bakin Nilul Azraƙ

Tun daga daminar 2022 akwai wata magana da ta yawaita a bakin mutanenmu. Ka zauna da dattijon da ya baro Rusairis, ko uwar da ta kwana da 'ya'yanta a ajin makaranta a Sinnar, ka tambaye su yadda abin ya faru, sai su yi shiru, can su ce maka kamar a mafarki. Mutum yana zaune idonsa biyu, kofin shayi a hannunsa, amma muryar mai yi masa magana tana zuwa kamar daga ƙasan rijiya. Ya dubi hannun nasa ya ga kamar na wani ne. Ya san sarai ba barci yake yi ba, amma tsakaninsa da duniya kamar an saki labule.

'Yan'uwa, wannan hali yana da tarihi a cikinmu. Kafin tashin hankali ya jefa mu a mafarkin ido biyu, kakanninmu sun rayu a cikin wani irinsa da son ransu.

A watan Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, a watan Maris suka shiga Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya ɗauki tuta ya nufi gabas. Manoma suka bar gonaki, masaƙa suka bar masaƙa, malamai suka kwashi allunansu, aka bi shi. Dama akwai tsohon zance da ke yawo tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cewa a ƙarshen zamani jama'a za ta yi ƙaura zuwa bakin Nilu ta haɗu da Mahadi. Saboda haka da yawa daga masu tafiyar suna ganin ba gudu suke yi ba, alkawari suke cikawa. Ranar 27 ga Yuli, 1903, Turawa suka auka musu a Burmi, kusa da kogin Gongola, Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka ci gaba. Wajen 1906 suka iso bakin Nilul Azraƙ, suka sauka a Shaikh Ɗalha, daga baya suka haye kogi suka kafa garin da har yau yake ɗauke da sunansa, kudu da Sinnar. Fulani ne suka fi yawa a ayarin farko, amma Hausawa na ciki, kuma bayansu ayari bai yanke ba: daga Kano, Katsina, Haɗeja, Damagaram, a ƙasa da kan jaki, ta Barno da Wadai da Darfur.

Abin lura shi ne niyyar da suka ɗaura. Mafi yawansu ba su ce Sudan za su ba. Makka za su. Sudan zango ce, inda za a sauke kaya, a yi noma shekara biyu ko uku, a tara kuɗin jirgin Sawakin, a haye Bahar Maliya zuwa Jidda.

Sai zangon ya yi daɗin zama. A 1925 aka gama dam ɗin Sinnar, aka buɗe gandun audugar Jazira da fili wajen fadan 300,000, kamfanin Turawa yana neman hannun da zai yi shuka da cira da tsince auduga. Mutanenmu suka shiga. Hawasha ta masu ƙasa ce, mu namu ƙodago da noman raba-daidai. Ƙauyukanmu suka tashi a gefen magudanan ruwa, wasu a kambo. Waɗanda suka bi kogi suka kama su da noman bakin ruwa har Rusairis. Shekara ta bi shekara. Kuɗin jirgi ya taru, aure ya cinye. Ya sake taruwa, rashin lafiya ta cinye. Aka haifi 'ya'ya, aka haifi jikoki, ana kan hanya.

Wani mai bincike, Bawa Yamba, ya zauna a ƙauyukan Hausawa na Jazira a shekarun 1980, ya fitar da littafinsa a 1995. Abin da ya tarar kowa a cikinmu ya san shi a gidansu: mutumin da aka haifi kakansa a Sudan, bai taɓa ganin Kano ba, bai taɓa ganin Ka'aba ba, amma yana kiran kansa mai niyyar Hajji da ke kan hanya. Ana gina ɗaki irin na wanda zai tashi gobe. Ana zuwa wurin malami a ji ko lokacin tafiya ya yi. Wannan shi ne mafarkinmu na farko: gangar jiki tana cikin laka a Jazira, zuciya tana Arfa. Ƙasar da ake takawa kullum ita ce ta zama kamar inuwa, wadda ba a gani ba ita ce tabbas.

Kada mu raina wannan mafarki. Shi ya riƙe mana harshe da makarantar allo, shi ya sa ɗan ƙodagon da ake yi wa kallon banza ya san darajar kansa, domin a ganinsa shi baƙon Allah ne. Amma yana da farashi. Wanda ke shirin tashi gobe ba ya neman takardar fili, ba ya matsa wa ɗansa makarantar gwamnati, ba ya rubuta ranar da ya sauka. Hukuma kuwa ta karɓi zancenmu ta mayar da shi doka. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa maza suna zaune a Sudan tun ranar 31 ga Disamba, 1897. Jama'ar Mai Wurno kansu sun iso bayan wannan rana. An sassauta sharaɗin daga baya, amma kalmar Fallata da Takari ta riga ta zauna a kunnuwa da ma'anar mai wucewa. Mu muna cewa muna kan hanya, su suna cewa baƙo raɓa ne.

A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ kan ƙasa da sarautar gargajiya da Hausawa suka nema. Rusairis da Damazin da ƙauyukan kewaye suka ga abin da ba su taɓa zato ba. Sama da mutum 100 suka mutu, dubban iyalai suka bar gidajensu. A watan Oktoba wuta ta sake tashi a Wad al-Mahi, aka rasa sama da mutum 200. Jinin da ya zuba na kowane ɓangare ne, na maƙwabtan da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya. Ba a gama share hawaye ba yaƙi ya tashi a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023. A Disambar shekarar ya ci Madani, a tsakiyar 2024 ya kai Sinja. Wanda ya gudu daga kogi zuwa Jazira ya sake ɗaure kaya.

Nan ne mafarki na biyu ya same mu, wanda ba mu zaɓa ba. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin wannan hali. Tun 1898 wani masani Bafaranshe, Ludovic Dugas, ya raɗa masa suna. Bayaninsu shi ne idan firgici ya fi ƙarfin zuciya, hankali yakan ja da baya ya bar mutum yana kallon abin da ke faruwa kamar ba da shi ake ba, don ya iya ɗaukar yaro ya yi gudu. Ba hauka ba ne, domin mai shi ya san abin da yake ji ba haka duniya take ba. Ga mafi yawan mutane yana wucewa idan an samu aminci da barci da 'yan'uwa a kusa. Wanda ya daɗe a ciki, a haɗa masa addu'a da ganin likita, kada a bar shi shi kaɗai da kunya.

Amma ku saurari abin da masu gudun hijirar ke ambata idan bakinsu ya buɗe. Mangwaron da uba ya dasa. Kwale-kwalen da aka bari a ɗaure. Maƙabartar da kaka da kakan kaka suke kwance. Ba a yi wa zango irin wannan kuka. Sai da aka raba mu da ƙasar muka ji nauyinta, muka gane cewa shekara ɗari da ɗoriya gida muke zaune muna kiransa hanya.

Niyyar Makka tana nan, Allah Ya cika wa kowa. Amma ɗan Omdurman ma yana da wannan niyya, ba ta hana shi cewa nan ne garinsu ba. Abin da ya rage mana shi ne aikin mai farkawa. Dattawan da suka ji labari daga bakin waɗanda suka tako da ƙafa suna ƙarewa. A zauna da su, a rubuta sunan wanda ya kafa kowane ƙauye, garin da ya fito, shekarar da ya sauka, wanda ya ba shi wurin zama, da inda aka binne shi. A adana takardun gona da na haihuwa, a ɗauki hotonsu a waya. A rubuta sunayen waɗanda muka rasa a 2022 da bayanta, don kada jikokinmu su ji abin kamar tatsuniya.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya mayar da kowa ɗakinsa lafiya, Ya zaunar da Sudan.