Wa Ke da Abin da Ke Ƙarƙashin Gona?

Tun kafin Turawa su shiga Katsina a 1903 aka raba arzikin ƙasarta. Da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga Kamfanin Neja a 1900, sai ta bar masa rabin harajin ma'adinai daga Kogin Kwara zuwa layin Yola da Damagaram, har shekara 99. Tsaskiya tana ciki, amma ba wanda ya shawarci manomanta.

Dokar 1946 ta tabbatar wa Sarkin Ingila mallakar ma'adinai, yau kuwa Gwamnatin Tarayya ce magajiya. To, jama'a, mai dukiya ai shi ke da alhakin tsaronta. Amma a 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, maƙwabciyarmu, galibinsu kafin hukuma ta farga.