Yadda jif ta tashi daga motar da sifana ke gyarawa zuwa motar da inshora ke yafewa (zare)

1/ Jama'a, duk mai leƙa shafukan gwanjon motoci na Amurka ya san wannan abin: Ford Bronco ko Jeep Wrangler 'yar shekara biyu, gaba ya ɗan lotse, fitila ɗaya ta fashe, inji na tashi lafiya lau, amma takardarta ta ce kamfanin inshora ya biya mai ita ya yafe ta. Motar da aka ƙera don duwatsu da kwazazzabo fa. Me ya faru? Zaren na da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Mu fara da kakar su duka. A 1941 sojan Amurka suka fara karɓar ƙaramar motar nan da aka sani da jif. Kamfanonin Willys da Ford sun ƙera kusan 640,000 kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare. Sharaɗin ƙirarta shi ne soja ya iya gyara ta a bakin daga da kayan aikin da ke hannunsa. Shasi na ƙarfe kamar tsani, a ɗora bodi a kai, a ɗaure da kusoshi. Shi ke nan.

3/ Land Rover ta fito a 1948, Toyota ta yi tata a 1951, wadda aka raɗa wa suna Land Cruiser a 1954, Bronco ta farko kuma 1966. Duk tunani ɗaya: abin da ya lanƙwashe a miƙe shi, abin da ya karye a yi masa walda, abin da ya ƙi a kunce a sa wani. Shi ya sa har yau za ka ga tsohuwar Land Cruiser tana ratsa rairayi tsakanin Agadas da Dirkou, an gyara ta sau ba adadi.

4/ To, ita kuma dabarar "yafe" abu ta girmi mota nesa ba kusa ba. Daga teku ta zo. Tun wajajen 1688 masu jiragen ruwa da masu ɗaukar kasadar inshora ke haɗuwa a shagon kofi na Edward Lloyd a Landan. A wannan harka aka raba asara gida biyu: jirgin da ya nutse kowa ya ga ya tafi, da kuma jirgin da yake nan ana kallonsa amma kuɗin ceto shi da gyara shi ya zarce darajarsa.

5/ Dokar inshorar teku ta Birtaniya ta 1906 ta rubuta wannan na biyun ɓaro-ɓaro: in gyara zai fi ƙimar jirgin bayan an gyara, mai shi na iya sallama wa mai inshora, a biya shi cikakken kuɗi, gawar jirgin ta zama ta kamfani. Ku riƙe wannan ƙarshen, "gawar ta zama ta kamfani". Nan gaba shi ne zai kawo mu cikin labarin.

6/ Da mota ta yawaita aka kwaso tsarin aka ɗora mata. Jihar Massachusetts ta tilasta inshorar mota a 1927, Birtaniya a 1930. Lissafin dai bai canza ba: nawa motar take a kasuwa daƙiƙa ɗaya kafin haɗarin, nawa gyara zai ci, nawa za a samu in an sayar da ita a yadda take.

7/ A Amurka kowace jiha da ma'auninta. A Oklahoma in gyara ya kai kashi 60 cikin 100 na darajar motar, ta shiga sahun salbej, wato takardarta ta samu tambarin cewa an taɓa yafe ta. New York kashi 75, Florida 80, Texas sai ya kai 100. Wasu jihohin kamar Kalifoniya suna haɗa kuɗin gyara da kuɗin gawar, in jimillar ta kai darajar motar, an gama.

8/ Misali na ƙirƙira, don a gane. A ce jif ta dala 40,000, gyara 26,000, gawar kuma za ta sayu 17,000 a gwanjo. In kamfani ya biya mai ita 40,000 ya sayar da gawar, asararsa 23,000. In ya gyara, 26,000, ban da motar haya da zai biya wa mai ita na makonni, ban da ɓarnar da sai an kunce gaba za a gani. Kai da kanka wanne za ka zaɓa?

9/ Yanzu tambayar gaske: ya aka yi gyaran gaban jif ya kai wannan kuɗin? A hankali abin ya taru. Jeep Cherokee ta 1984 ta nuna cewa za a iya haɗe bodi da shasi su zama abu guda, kuma iyalai su saye ta don kai yara makaranta. Daga nan jif ta fara barin gona ta koma unguwar masu kuɗi. Kuma motar da ke ɗaukar yara dole ta bi dokokin kare rai.

10/ Zuwa ƙarshen shekarun 1990 jakar iska biyu a gaba ta zama tilas a Amurka, har ga jif da a-kori-kura. Yau suna kewaye da mota: sitiyari, dashbod, kujeru, gefen rufi. In suka fashe, ba su kaɗai ake canzawa ba, har bel ɗin kujera da na'urar da ke ba su umarni, wani lokacin har dashbod ɗin. Dubban daloli kenan tun ba a taɓa bodi ba.

11/ Sai ƙarfen kansa. Motocin yanzu an ƙera gabansu ya murƙushe da gangan don ya shanye bugun kafin ya kai ga mutum. Abu ne mai kyau ƙwarai, rayuka da yawa ya ceta. Sai dai ƙarfen mai tauri da ke kewaye da fasinja, in ka hura masa wuta ka miƙe shi, ƙarfinsa ya tafi. Masu ƙera motar cewa suke a yanke a sa sabo. Shasin da ya karkace sosai kuwa, sau da yawa canza shi ake gaba ɗaya, wato a ɗaga bodi, a sauke inji, a sake harhaɗa mota.

12/ Ga kuma alminiyam. Ford ta mayar da bodin F-150 alminiyam a 2015, Wrangler ta 2018 ta zo da ƙofofi da bonet na alminiyam, sabuwar Defender da ta fito bayan an dakatar da tsohuwar a Janairun 2016 kuwa gangar jikinta duka alminiyam ce, babu shasin tsani. Gyaransa na son wuri na daban da kayan aiki na daban, don ƙurar ƙarfe in ta haɗu da shi tana cin sa. Ba kowane gareji ke da wannan ba.

13/ Abin dariya: Land Rover ta 1948 ma alminiyam ce, saboda ƙarancin ƙarfe bayan yaƙi. Amma faranti ne shimfiɗaɗɗu, in ya lotse manomi ya bubbuga da guduma ya ci gaba da harkarsa. 😅

14/ Babban mai cin kuɗin dai shi ne idanun da aka sa wa mota. Daga Mayun 2018 kyamarar baya ta zama dole a sabbin motocin Amurka. A 2016 kamfanoni 20 suka yi alkawarin sa birki mai kama kansa a kusan duk motocinsu zuwa 2022. Wannan na nufin rada a gaba, kyamara a jikin gilashi, sensa a bamba, wasu a madubi. Duk an jera su daidai inda ake fara bugewa.

15/ Kuma canza su bai isa ba, sai an saita su da na'ura, don radar da ta kauce kaɗan na iya taka birki inda babu komai. Gilashin gaban Wrangler da Bronco a miƙe yake tsaye, tsakuwa na samun sa da sauƙi, in akwai kyamara a jikinsa canjin gilashi ya zama aikin kwamfuta. A 2023 labarin wata Rivian R1T ya zaga duniya: an ɗan buge ta ta baya, gyara ya kai kusan dala 42,000, don farantin gefen a haɗe yake har zuwa rufi.

16/ Duk wannan kuwa da awa ake cajin aikinsa. Awa ɗaya dala gommai, wani aikin ya haura ɗari. A ganina nan ne zuciyar maganar take.

17/ Shiga daji na ƙara nasa. Jif doguwa ce, tana saurin kifewa, rufi in ya danne yawanci zance ya ƙare. Ruwa in ya shiga inji ko ya jiƙa wayoyi da ƙwaƙwalwar mota, kamfani ba ya son jiran matsalar da za ta ɓullo bayan wata shida, gara ya biya. Sannan manyan tayoyi, ɗaga mota, bamban ƙarfe da sauran ƙarin da masu sha'awa ke kashe wa kuɗi, inshora ta gama-gari ba ta biyan su duka sai an sayi ƙari na musamman.

18/ Adalci dai: ba kowace jif ce ke da tsadar inshora ba, Wrangler ta talaka ba ta cikin na sama. Inda abin ke ciwo shi ne manyan samfura irin Bronco Raptor da Rubicon 392, waɗanda farashinsu ya kai wajen dala 90,000 a 2024. Ga kuma tashin gaba ɗaya: alƙaluman gwamnatin Amurka sun nuna inshorar mota ta ƙaru da sama da kashi 20 cikin 100 a shekara guda, a farkon 2024.

19/ Sata ma asara ce dungurungum. A Landan ɓarayi masu kwaikwayon siginar makulli sun addabi Range Rover har wasu masu ita suka rasa mai yi musu inshora, sai da Jaguar Land Rover ya buɗe tasa a 2023. A Kanada kuɗin da aka biya kan satar mota ya haura dalar Kanada biliyan 1.5 a 2023, kuma an gano wasu motocin a Ghana da Najeriya. Abin kunya ne, amma haka yake.

20/ To mu koma kan gawar nan. Copart ya fara a 1982 a Vallejo ta Kalifoniya, fili guda na motocin da suka yi haɗari. A 2003 ya mayar da gwanjonsa kan intanet. Daga ranar, ɗan kasuwa a Legas ko Kwatano ko Dubai na iya taya mota a Texas yana zaune. Masu taya suka yawaita, farashin gawa ya tashi. Ku koma lamba 8: duk lokacin da kuɗin gawa ya hau, yafe mota na ƙara zama riba ga kamfani.

21/ Wato mu ma muna cikin dalilan da suka sa ake yafe su. Abin da ya gagara a can saboda kuɗin awa, a Ladipo ko Apo ko Panteka ko Ƙofar Ruwa jinga ce, a yi ciniki, a nemo kayan tokumbo, mai gyaran bodi ya zauna mata sati biyu. Kuma wallahi akwai gwanaye. Mota da yawa an yafe ta ne kan fitila, bamba, lagireto da kuɗin aiki, irin wannan in ta samu hannu mai kyau ta dawo garau.

22/ Matsalar ita ce tambarin salbej ba kullum yake bambanta wannan da wadda ta kwana a ruwa ba. Bayan guguwar Katrina a 2005 da Harvey a 2017, motoci dubbai ɗaruruwa ruwa ya shanye. Fenti ba ya nuna tsatsar da ke cikin wayoyi. Haka jakar iskar da aka rufe gurbinta ba komai a ciki aka kashe wutar gargaɗin, haka ƙarfen da aka miƙe da wuta aka shafe da fila. Ba ka sani sai ranar da kake buƙatar su, a hanyar Kaduna zuwa Abuja da gudu 120.

23/ Tun 1981 kowace mota ta kasuwar Amurka na da lambar shasi mai harufa da lambobi 17. Kafin ka biya, kwafe ta daga ƙasan gilashin gaba, ka gwada da ta jikin ƙofa, ka sa a Google, sau da yawa hotunan ranar gwanjo na fitowa. Rahoton Carfax zai nuna tambarin takardar. Kunna makulli ka ga wutar jakar iska ta kama sannan ta mutu, in ba ta kama ba sam, tambayi dalili. Ɗaga kafet ka shinshina. In dillali ya hana ka ɗaukar lambar, ka kama gabanka.

24/ A gida kuma? Dokar inshorar ɓangare na uku tun 1945 muke da ita. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da kuɗinta naira 15,000 daga 5,000, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har miliyan 3, amma taka motar ko sisi. Cikakkiyar inshora kuwa ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba: jif ta miliyan 60, miliyan 3 kenan duk shekara. Shi ya sa yawanci ta 15,000 ake yanka, jif ɗin da aka yafe a Texas in ta sake bugewa a Zariya babu kamfanin da zai zo ya yi lissafi, gareji za a ja ta a koma ciniki.