Jakar Jarumi: Tarihin Kaya da Bayaninsu a Wasannin Bidiyo

A wasannin bidiyo irin waɗanda ake kira RPG, mai wasa yana shiga rigar jarumi ne, ya yi ta yawo da shi gari-gari, yana faɗa, yana ciniki, yana ƙara ƙarfi. Duk abin da jarumin ya tsinta a hanya ko ya saya, takobi ne, sulke ne, kwalbar magani ce ko mabuɗi, yana shiga wani shafi na musamman da ake buɗewa a duba. Wannan shafi shi ne jakar kaya. Kowane abu a cikinta yana da suna, da lambobin da ke nuna ƙarfinsa da nauyinsa da kuɗinsa, sau da yawa kuma da 'yan layuka na bayani a ƙasa. Tsara jakar da rubuta bayanin aiki ne mai zaman kansa a kamfanonin wasanni, kuma ya haura shekara 50 yana sauya kama.

Asalin abin a kan takarda yake. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a zaune da fensir da takarda da ƙwayoyin jefawa irin na lido. A littafin dokokinsa akwai jerin kayan da jarumi zai saya kafin ya shiga kogo: igiya mai tsawon ƙafa 50, sanda mai ƙafa 10 ta taɓa ƙasa saboda tarko, fitila, mai, buhu babba da ƙarami, guzuri, har da tafarnuwa. Da tsabar zinariya ake auna nauyin kowane abu, kuma gwargwadon nauyin kaya gwargwadon raguwar saurin tafiya. Wanda ya cika buhu da dukiya a cikin kogo sai ya kasa gudu idan dodo ya biyo shi. Duk wanda ya san labarin fataken Gwanja ya san irin wannan lissafi, domin jaki yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma kowane ƙunshin guzuri da aka ɗora ya cinye gurbin kanwa a tafiya ko na goro a dawowa. Wannan tilas ta zaɓe, a ɗauki wannan a bar wancan, ita ce gishirin jakar kaya tun daga farko.

Da wasan ya shiga kwamfuta, iyakar ta bi shi. Will Crowther ya rubuta Colossal Cave Adventure wajen 1976 a kan na'urar PDP-10, Don Woods kuma ya faɗaɗa shi a 1977 a Jami'ar Stanford. Babu hoto ko ɗaya a ciki. Mai wasa yana rubuta umarni da kalma ɗaya ko biyu, na'urar ta ba shi amsa a rubuce. Mabuɗai da fitila da abinci da kwalbar ruwa ake fara tsinta, kuma abu 7 kaɗai ake iya riƙewa a lokaci guda. A nan suna da gajeren bayani su ne abin gaba ɗaya, tunda ido ba shi da wani abin gani.

Wasan Rogue na 1980, wanda Michael Toy da Glenn Wichman suka fara kafin Ken Arnold ya haɗu da su, ya zo da dabarar da ta fi dukkansu zurfi: ya ɓoye sunan abu. Mai wasa zai tsinci kwalba, abin da za a faɗa masa kawai shi ne launin ruwan da ke ciki. Ko waraka ce, ko dafi, ko abin da zai makantar da shi, ba zai sani ba sai ya sha, kuma launukan suna canjawa duk lokacin da aka fara sabon wasa, don haka haddar jiya ba ta yi wa yau amfani. Haka naɗaɗɗun takardun sihiri, haka zobba. Akwai zoben da idan aka sa shi ba ya fita, akwai sulken da ke rage kariya maimakon ya ƙara, saboda an la'ance su. Kowane abu a jaka harafi ne ke wakiltarsa, kuma burin wasan duka shi ne a sauka hawa na 26 a ƙarƙashin ƙasa a ɗauko wata laya. Daga Rogue ne masu tsara wasanni suka gane cewa sanin abu shi kansa dukiya ce da za a sa mai wasa ya yi gumi kafin ya samu.

A Japan kuwa ƙarancin wuri ne ya koyar da taƙaita magana. Dragon Quest, wanda Yuji Horii ya tsara, Akira Toriyama ya zana, kamfanin Enix kuma ya fitar a watan Mayun 1986, an cusa shi ne a kaset mai ɗaukar kilobait 64, abin da bai kai nauyin hoto guda na wayar yau ba. Wurin bai isa a saka dukkan haruffan katakana ba, sai aka zaɓi kusan 20, aka ƙera sunayen dodanni da na sihiri daidai da su. Babu sararin dogon bayani, sai suna da farashi suka ɗauki nauyin komai. Sarki yana sallamar jarumi da zinariya 120. A shagon makamai na gari na farko sandar gora 10 ce, kulki 60, takobin tagulla 180. Yaro na ganin wannan jeri ya san matsayinsa a duniya, ya san kuma abin da zai yi wa tanadi. Hotunan kayan da sauran bayaninsu a ɗan littafin da ke cikin kwalin kaset suke.

Hoto ya shigo jakar sosai da Dungeon Master na kamfanin FTL Games a 1987. An zana surar jarumi da gurabe a kai da wuya da ƙirji da hannuwa da ƙafafu, mai wasa ya jawo kwalkwali ya ɗora a kai, ya jawo garkuwa ya sa a hannu. Bayan kimanin shekara 10 sai Diablo na Blizzard North ya kafa tsarin da har yau ake kwaikwaya. Jakarsa gidaje 40 ce kamar na dara, 10 a kwance 4 a tsaye. Kwalbar magani gida 1 take ci, takobi 3 a tsaye, sulke 6. Hatta zinariya tana cin gida, domin tulinta ba ya wuce 5,000. Mutum na iya samun gidaje 6 a buɗe amma ya kasa ɗaukar sulke saboda a warwatse suke, sai ya tsaya a tsakiyar kogo yana jera kaya kamar mai ɗaurin lodi a tasha. Sunayen kaya kuma na'ura ce ke harhaɗa su, ta ɗauko siffa daga nan, sunan makami daga can, ta liƙa masa laƙabi a ƙarshe, don haka daga ƙaramin jeri ake samun dubban makamai. Launin rubutu ya fara magana: fari na gama-gari, shuɗi mai sihiri, ruwan zinariya wanda ba shi da na biyu. Wanda ya tsinci abin da bai gane ba yakan kai wa dattijon gari, Deckard Cain, ya biya zinariya 100 a faɗa masa ko mene ne. World of Warcraft na 2004 ya tsawaita tsanin launukan, daga toka-toka zuwa fari, kore, shuɗi, shunayya da ruwan lemo. Wasu wasannin, kamar Skyrim na 2011, sun tsaya kan tsohon awon nauyi: jarumi yana farawa da iyakar 300, in ya wuce ta sai tafiyar hawainiya.

Harhaɗa sunaye da na'ura ya kawo yawa, amma ya rage wa kaya daraja. Takobin da aka tsinta da safe ana jefar da shi da rana saboda an sami wanda ya fi shi da lamba biyu, kuma ba wanda ke tuna sunansa. Kamfanin FromSoftware na Japan ne ya juya akalar, ƙarƙashin Hidetaka Miyazaki, da Demon's Souls a 2009 da Dark Souls a 2011. A na biyun an cire iyakar abin da jaka za ta ɗauka, aka bar nauyin abin da jarumi ya sa a jiki kawai, sannan aka mayar da bayanin kaya ma'ajiyar labari. Wasan ba ya zaunar da mutum ya ba shi tarihin ƙasar da ya shiga. Zobe ne zai ambaci sunan wani jarumi da ya ɓace, garkuwa ta faɗi masarautar da ya yi wa hidima, wani mabuɗi can gaba ya nuna inda ya ƙare. Layi uku nan, layi huɗu can, kuma da gangan ake barin giɓi. Miyazaki ya taɓa bayyana cewa yana yaro yakan karanta littattafan da suka fi ƙarfinsa, inda bai gane ba ya cike da tunaninsa, kuma irin wannan karatu yake so mai wasa ya yi. Wurin da aka tsinci abu ma shaida ne: sulken da ke kan gawa a bakin wata ƙofa yana faɗin wanda ya zo nan da abin da ya same shi. Elden Ring na 2022, wanda marubuci George R. R. Martin ya taimaka wajen gina tarihin duniyarsa, ya bi wannan hanya, kuma ya sayar da kwafi sama da miliyan 20 cikin shekara guda. A duk tarihin sana'ar nan babu matakin da ya kai wannan girmama mai karatu.

A arewacin Najeriya abin ya iso ta wata ƙofa dabam. Daga shekarun 1990 na'urorin Nintendo da Sega, daga baya PlayStation, suka bazu a birane irin su Kaduna da Kano da Zariya, aka buɗe gidajen gem a unguwanni. Shago ne ɗan ƙarami, da benci, da talabijin biyu ko uku, da janareta a waje. Ana biyan kuɗi ne a kan kowane wasa, wanda aka ci ya tashi, na bayansa ya karɓa. Irin wannan tsari ƙwallon ƙafa da wasannin dambe ya dace da su. Wasan RPG yana cin sa'o'i 40 ko fiye, yana buƙatar katin ajiya na mutum ɗaya, da wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar kogo ba, da jurewa karatun Turanci ko Japananci. Shi ya sa bai yi kasuwa a gidajen gem ba, sai a hannun ɗaiɗaikun da ke da na'ura a gida.

Wayar hannu ce ta kawo jakar kaya hannun kowa. Free Fire na kamfanin Garena ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018. Wasannin harbi ne, amma jakarsu gadon RPG ce: jakar goyo mai mataki 1 zuwa 3, kwalkwali da rigar kariya su ma haka, harsashi da magani kowanne da gurbin da yake ci. A Rafin Guza, unguwar da ke kusa da Kawo a gefen kogin Kaduna, kamar a sauran unguwannin birnin, ana iya ganin samari uku ko huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya a bakin shagon caji, mai riƙe da ita yana ta danna allo da manyan yatsu biyu, na gefe suna ce masa ya yar da wannan bindiga ya ɗauki waccan, jakarsa ta cika. Kaɗan ne ke tsayawa karanta bayanin da ke ƙasan hoton. Launi da lamba sun ishe su, kuma wannan yaren Diablo ne ya kafa shi tun kafin a haifi yawancinsu.

Tsanin launukan nan ya zama hanyar kasuwanci ma, kuma nan ne abin ya munana. Wasanni da yawa na waya kyauta ake sauke su, sai a riƙa sayar da akwatin da ba a san abin da ke ciki ba, da fatan a dace da kaya mai launin daraja. Cinikin biri a sama ne, kuma yara ne suka fi faɗawa. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi a wasu wasanni caca ne a ƙarƙashin dokar ƙasar. Ɓoye sunan abu da Rogue ya yi don ya gwada hankalin mai wasa ya koma tarkon aljihunsa.

Ba wa makami suna da tarihi kuwa tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Takobin sarautar Katsina sunansa Gajere, kuma ba a ambatonsa ba tare da labarin Korau da Sanau ba. Labarin Daura bai manta da cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya rubuta cewa Sarki Kananeji ɗan Yaji ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Kirari shi ma aikinsa ke nan, ya ɗauki abu ya faɗi asalinsa da halinsa a numfashi guda. Sunayen ma'ajiya ma harshen bai rasa su ba: zabirar wanzami, gafakar malami, burgamin mafarauci, taiki da mangalar fatake, kwari na kibiya, kube na wuƙa, kowanne da abin da yake ɗauka da wanda ba ya ɗauka.

A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na birnin Yawunde ya fitar da wasan RPG mai suna Aurion a 2016, wanda ya gina kan al'adun Afirka, abin da ya nuna cewa aikin mai yiwuwa ne daga wannan yanki. Manyan wasannin RPG da aka ambata a sama babu wanda kamfaninsa ya fitar da shi da Hausa. Matasan Kaduna da Kano da ke koyon rubuta manhaja, da marubutan da suka iya kirari da tatsuniya, su ya kamata su zauna tare su rubuta jaka ta farko da bayaninta cikin harshen da yaran Rafin Guza za su tsaya su karanta.