Labarin Taron Mashaya Masu Neman Rabuwa da Giya

'Yan'uwa, babu ɗayanmu da bai san gidan da giya ta rushe ba. Mun yi wa mashayi faɗa, mun yi masa wa'azi, ya rantse da kuka, bayan kwana bakwai kuwa sai ga shi a ɗakin burkutu. Domin wannan mu ke so mu ba ku labarin wani taro da aka fara a ƙasar Amurka, inda mashaya su ke taimakon junansu.

Akwai wani mutum a birnin Niyok, sunansa Bill Wilson, dillali ne a kasuwar hannun jari. Giya ta cinye aikinsa da lafiyarsa, har aka kwantar da shi a asibiti ba sau ɗaya ba. Likitansa, William Silkworth, ya gaya masa cewa abin da ke damunsa ciwo ne, na jiki da na tunani. Wani tsohon abokin shansa kuma, Ebby Thacher, ya zo masa ba a buge ba, ya ce ya sami taimako a wurin wata ƙungiyar Kirista da a ke kira Ƙungiyar Oksfod, masu furta laifofinsu ga juna. A watan Disamba na 1934 Bill ya yi shansa na ƙarshe.

A watan Mayu na 1935 ya tafi garin Akron, a jihar Ohayo, kan wani ciniki, cinikin kuwa ya lalace. Ga shi baƙo, shi kaɗai a masauki, ga ɗakin sayar da giya kusa da shi. Ya gane idan bai sami wani mashayi da zai yi magana da shi ba, zai sha. Sai ya buga wa wani fasto na garin waya, aka yi ta nema har aka haɗa shi da Bob Smith, likita mai fiɗa, wanda shi ma giya ta kusa gamawa da shi. Likitan ya ce minti 15 kaɗai zai ba shi, amma suka zauna wajen awa 6. Gama Bill bai yi masa wa'azi ba, labarin kansa ya ba shi, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ran 10 ga Yuni 1935 a ke lissafta ranar da likitan ya daina sha, ita ce kuma ranar kafa ƙungiyar.

Nan da nan su biyu suka tafi asibitin garin, suka sami wani lauya a kwance saboda giya, ya zama na ukunsu. A 1939, sa'ad da suka kai wajen mutum 100, suka buga littafi mai suna Alcoholics Anonymous, wato mashaya da ba a faɗin sunansu, ƙungiyar kuma ta ɗauki sunan. A ciki akwai Matakai 12: mutum ya yarda giya ta fi ƙarfinsa, ya miƙa ransa ga Allah gwargwadon yadda ya gane shi, ya bincike halinsa, ya gyara ɓarnar da ya yi wa mutane, sa'an nan ya kai wa wani mashayi wannan labari. A 1941 wata jarida ta ba da labarinsu, a shekarar nan suka tashi daga 2,000 zuwa 8,000. A 1951 aka kafa Al-Anon domin matan mashaya da danginsu. Bob ya rasu a 1950, Bill a 1971, ba wanda ya koma sha a cikinsu. Yanzu ƙungiyar tana cikin ƙasashe wajen 180, da mutane wajen miliyan 2.

Ga yadda taron ya ke. Ba a biyan kuɗin shiga, sai dai a zaga da kwando, mai ba da wani abu ya bayar. Sharaɗi ɗaya ne, mutum ya so daina sha. Da sunan fari kaɗai a ke kiran kowa, abin da aka ji a ɗakin kuma ba a fita da shi. Akwai taron da kowa ke iya shiga, akwai na mashaya kaɗai. Sabon zuwa ya kan zauna ya saurara, ba a tilasta masa magana, daga baya ya zaɓi wani da ya daɗe da dainawa ya riƙa yi masa jagora. Ba sa ɗaukar alkawarin shekara, na yini ɗaya su ke ɗauka, gobe su sāke. Taron ba na wata ekklesiya ba ne, ko da ya ke sau da yawa a ɗakunan ekklesiya a ke yinsa.

Mai neman irin wannan taro ya tambayi likita ko fasto, ko ya duba a intanet, gama akwai waɗanda a ke yi ta waya. A Gana da Cadi kuma akwai ƙungiyar Shuɗin Gicciye, wadda fasto Louis-Lucien Rochat ya kafa a Janeba a 1877 domin taimakon mashaya. Inda babu ko ɗaya, ƙa'idar Alcoholics Anonymous ta yarda mashaya biyu ko uku masu neman dainawa su zama taro. Amma wanda ya daɗe yana sha da yawa kada ya yanke farat ɗaya sai likita ya duba shi, domin makyarkyata da farfaɗiya su kan biyo baya, har su kai ga mutuwa.

Namu aiki kuwa, mu ba su ɗaki da tabarma, mu kama bakinmu. Idan ɗan'uwa ya faɗi ya koma sha, kada mu rufe masa ƙofa, mu raka shi zuwa taro na gaba.