Wa Ke Da Bakin Magana Kafin A Yanke Hukunci? Tarihin Jawabin Wanda Aka Cuta A Kotunan Amurka

A tsarin shari'ar Amurka, hukuma ce ke gurfanar da mai laifi, wanda aka cuta kuwa matsayinsa bai wuce na mai ba da shaida ba. Da zarar an tabbatar da laifi, alƙali yakan saurari lauyoyi da mai laifin kansa, sa'annan ya yanke hukunci, alhali wanda abin ya faɗa wa yana zaune shiru a bayan ɗaki.

Wannan al'ada ta fara sauyawa a shekarar 1976 a gundumar Fresno ta jihar Kalifoniya, inda wani jami'i mai suna James Rowland ya soma shigar da bayanin asarar waɗanda aka cuta cikin rahoton da ake miƙa wa alƙali. A 1982 masu jefa ƙuri'a a jihar suka amince da dokar da ta ba su damar yin magana a zaman yanke hukunci. Daga nan sauran jihohi suka bi sahu.

Taƙaddama ta taso ne kan shari'ar kisan kai, domin mamaci ba ya magana, sai dai danginsa. A 1987, a shari'ar Booth da jihar Maryland, Kotun Ƙoli ta hana gabatar da jawabin dangi inda hukuncin kisa ke kan gaba, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Hujjarta ita ce, hukunci zai koma dogaro da fasahar bakin dangi da darajar mamaci, maimakon nauyin laifin. Bayan shekara huɗu kacal, a 1991, kotun ta warware wannan matsayi a shari'ar Payne da jihar Tennessee, da rinjayen 6 a kan 3. A waccan shari'a, wata kaka ce ta bayyana yadda jikanta ɗan shekara uku yake kukan mahaifiyarsa da ƙanwarsa da aka kashe. Duk da haka, dangi ba su da ikon faɗa wa masu yanke hukuncin kisa irin hukuncin da suke so, kamar yadda kotun ta nanata a 2016.

Dokar tarayya ta 2004 ta fayyace mai wannan haƙƙi: shi ne wanda laifin ya cutar kai tsaye. Idan bai kai shekara 18 ba, ko ya rasa hankali ko lafiyar yin magana, ko ya rasu, waliyyinsa ko danginsa ko wanda kotu ta naɗa zai tsaya a madadinsa, amma ban da wanda ake tuhuma, ko da ɗan gidan ne.

Wasu alƙalai sukan faɗaɗa ƙofar. A 2018, a jihar Michigan, mai shari'a Rosemarie Aquilina ta saurari mata sama da 150 cikin kwana bakwai kafin ta ɗaure likita Larry Nassar shekara 40 zuwa 175, ko da yake tuhuma bakwai ya amsa a gabanta.

Ɗalibin da ya san fiƙihun Malikiyya zai lura da bambanci. A can, magadan mamaci suna da ikon neman ƙisasi ko yin afuwa. A Amurka kuwa, abin da dangi suka samu bayan wannan doguwar gwagwarmaya shi ne a saurare su; hukuncin kansa yana hannun kotu.