Tarihin Ƙawata Gindin Sojojin Wasa

Sojojin dalma na zamanin littafin H. G. Wells, Little Wars (1913), a kan ɗan faranti mai fenti kawai suke tsayawa. Daga baya masu wasan yaƙi a Ingila suka riƙa shafa wa gindin kwaɓin toshe tsagar bango, irin Polyfilla, ya bushe da kaushi kamar ƙasa. Wasu yashi suke barbaɗawa a kan gam.

A shekarun 1990 salon kamfanin Games Workshop ya yi tashe: yashi, sannan koren fenti shar, ko a wane fili sojan zai fafata. A 2012 kamfanin ya fitar da fenti mai ɓarɓashi a ciki, wanda ya rage wahala ƙwarai. Sai kuma mai tsattsagewa idan ya bushe, don kwaikwayon busasshen taɓo.